Jira, Ƙwaya ko Wankin Ciki: Wanne Ya Fi Ƙarancin Haɗari Bayan Ɓari?

Idan aka yi wa mace hoton ciki aka ce mata cikin ya lalace, ko ta yi ɓari wani abu ya yi saura a mahaifa, maganar da ta fi ji daga bakin ma'aikacin asibiti ita ce, "Sai an yi wanki." Wani wurin kuma a miƙo mata ƙwayoyi a ce ta je gida. Da wuya a zaunar da ita a gaya mata cewa hanyoyin uku ne, kowacce da irin nata haɗarin, kuma sau da yawa tana da ta cewa. Ko dai a jira jiki ya fitar da kansa, ko a ba da magani ya fitar, ko a zuƙe da na'ura. Biyun ƙarshen nan su ne dai ake bi idan likitoci suka ga dole a raba mace da ciki don a ceci ranta.

Ba gidan da wannan magana ba ta shafa ba. Cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, kimanin 15 kan zube, akasari kafin ya cika mako 12. A shekarar 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa ana yin ɓari miliyan 23 a duniya duk shekara. Kusan rabin ɓarin da ake yi a farkon ciki kuwa daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da ya ƙullu. Ba daka ba ne ya jawo, ba ɗiban ruwa ba ne, ba sakacin matar ba ne. Na fara da wannan ne saboda macen da ke zargin kanta ita ce ke ɓoye jini, ta yi ta canza zane a ɗaka ba ta gaya wa kowa ba, sai an tsince ta a sume.

Inda zaɓi ba ya hannunki

Kafin a zo ga auna hanyoyin, akwai halin da babu wata shawara sai a garzaya asibiti. Jinin da ke kwarara har kina jiƙa manyan audugar mata biyu cikin awa ɗaya, awa biyu a jere, ko kina ganin jiri in kin miƙe, wannan sai a zuƙe mahaifa nan take, don muddin akwai saura a ciki ba za ta tsuke ta tsayar da jinin ba. Haka zazzaɓi tare da ciwon mara da ruwa mai wari: cuta ta shiga, ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da kuma fitar da abin da ya rage ba tare da ɓata lokaci ba.

Sai cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Yana faruwa a ciki ɗaya zuwa biyu cikin 100. Gwaji zai nuna akwai ciki, mace ta ga ɗigon jini baƙi-baƙi, ta ji ciwo a gefe guda na mara, wani lokaci har a kafaɗa, kowa ya ce ɓari ne. Ƙwayar fitar da ɓari ba ta taɓa irin wannan ciki, wanki ma bai kai wurinsa. In bututun ya fashe, jinin cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a zane. Akwai kuma wanda likitoci ke kira cikin mola, inda maimakon ɗa sai mahaifa ta cika da ƙananan ƙulluttukan ruwa. Shi zuƙewa ake yi, a kuma ci gaba da auna jinin mace na tsawon watanni.

Saboda waɗannan ne hoton ciki ya zama abu na farko, kafin ƙwaya, kafin wanki. Amma shi ma hoton a bi shi a hankali. Cikin mako biyar ko shida yakan ƙi nuna bugun zuciya alhali ɗan tayin lafiyarsa ƙalau, musamman ga wadda ba ta riƙe ranar al'adarta ta ƙarshe ba, ko ta samu cikin tana shayarwa. In jini bai tsananta ba kuma akwai kokwanto, ƙa'ida ita ce a sake hoton bayan mako ɗaya zuwa biyu. 'Yar'uwa, kada kunya ta hana ki tambaya, "Likita, an tabbata? Ko a sake dubawa?" Ciki mai rai da aka wanke bisa kuskure ba ya dawowa.

Jira

Jiki ya san aikinsa. Wadda ɓarinta ya riga ya fara, jini na zuwa, bakin mahaifa ya buɗe, in aka ba ta lokaci, kimanin takwas cikin goma sukan gama da kansu ba tare da an taɓa su ba. Wadda kuma ɗan tayin ya mutu amma jiki bai farga ba, babu jini, bakin mahaifa a rufe, nata jiran ya fi tsawo, da yawa ba sa gamawa cikin mako biyu. A Ingila, ƙa'idar asibitocinsu ita ce a jira kwana 7 zuwa 14, sannan a sake duba mace.

Abin da aka fi tsoro game da jira shi ne wai abin zai ruɓe a ciki ya jawo cuta. An bincika wannan. A wani babban gwaji da aka yi a Ingila da mata 1,200, wanda aka buga sakamakonsa a 2006, an raba su gida uku: masu jira, masu shan magani, da waɗanda aka yi wa wanki. Waɗanda cuta ta kama ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba a kowane rukuni. Ke nan jiran mako biyu, ga wadda ba ta da alamar cuta tun farko, bai fi sauran jawo ta ba.

Illar jira a wani wuri take. Ba ki san ranar da jinin zai ɓalle ba, ba ki san yawansa ba. Masu jira sun fi kowa komawa asibiti ba shiri, kuma sun ɗan fi buƙatar ƙarin jini. Matan da aka yi wancan gwaji da su suna kusa da asibiti, da motar ɗaukar marasa lafiya, da jini a ajiye. A Najeriya kuwa, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Macen da idonta ya riga ya yi fari, ga haihuwa a kai a kai, ga zazzaɓin cizon sauro, ga shi ƙauyensu sai an yi tafiyar awa biyu a kan babur kafin a kai babban asibiti, in damina ce ma sai an ƙetare rafi, jinin da wata za ta zubar ta tashi ta ci gaba da harkarta shi zai kayar da ita. Mai sikila ma haka. Ga irin waɗannan ban ga hikimar jira ba.

Akwai maganar da muka taso muka tarar, cewa ciki yana kwantawa, ya yi watanni ko shekaru, sannan ya tashi. Na san mata da yawa sun riƙe wannan da zuciya ɗaya, musamman wadda ta daɗe tana nema. Amma in hoto ya nuna babu bugun zuciya, aka sake bayan mako biyu aka ga haka, ɗan tayin ya rasu, ba barci yake ba. Barinsa watanni yana buɗe ƙofar cuta, in kuma cikin ya yi girma, bayan kamar mako huɗu yakan iya lalata daskarewar jinin uwa, ta yadda ranar fitarsa jinin zai ƙi tsayawa. Jiran da likita ke nufi yana da rana, yana da iyaka, yana da komawa a duba.

Ƙwaya

Maganin da ake bayarwa sunansa misoprostol. Asalinsa maganin gyambon ciki ne, daga baya aka gano yana sa mahaifa ta tsuke bakinta ya yi laushi. A 2006 Najeriya ta yi masa rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma ya ceci rayuka masu yawa a ƙauyukan da babu wutar ajiye allura a firiji. Shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen ƙarasa ɓari.

Ga yadda abin ke kasancewa, don kada ya zo miki ba zato. Awa ɗaya zuwa huɗu bayan an sa ƙwayar, mara za ta fara murɗawa, fiye da ciwon al'ada, wasu sukan ce kamar ƙaramar naƙuda. Jini zai zo da gudaji, ya fi na al'ada yawa na 'yan awanni, sannan ya lafa. Da yawa sukan yi rawar sanyi har haƙora na haɗuwa, jiki ya yi zafi, ga tashin zuciya ko gudawa. Duk wannan aikin maganin ne, kuma yakan wuce cikin yini guda. Zazzaɓin da ya zarce awa 24 ba na magani ba ne, a koma asibiti. Ɗigon jini kuwa yakan ci gaba mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya ɗan zarce. A nemi maganin rage ciwo tun kafin a fara, irin su ibuprofen. Ba ya hana ƙwayar aiki.

Ga wadda ɓarinta ya fara bai ƙarasa ba, cikin kuma bai wuce mako 13 ba, fiye da tara cikin goma sukan rabu da sauran ba tare da an kai ga wanki ba. Ga wadda ɗan tayin ya mutu a rufe, misoprostol kaɗai bai kai haka ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka aka buga a 2018 ya nuna cewa in aka fara ba da wata ƙwaya mai suna mifepristone kwana ɗaya kafin misoprostol, kashi 84 cikin 100 sun gama a zagayen farko, waɗanda aka ba misoprostol kaɗai kuwa kashi 67. Wani gwajin a Birtaniya a 2020 ya ƙarfafa haka. In irin wannan ne naki, ki tambaya ko asibitin na da haɗin biyun.

Alherin ƙwaya a fili yake: babu ƙarfe ko roba da zai shiga mahaifa, don haka babu maganar huda ta ko yi mata tabo. Ta fi wanki sauƙin kuɗi. Ungozoma ko nas da ta samu horo za ta iya bayarwa a ƙaramin asibiti. Mace na ɗakinta, da uwarta ko 'yar'uwarta a kusa.

Haɗarinta kuma yawanci ba daga ƙwayar ba ne, daga yadda ake sayenta ne. An mayar da ita abin da maigida zai tsaya a kemis ya ce, "Ba ni maganin wankin ciki," a ƙirgo masa a ƙulle a leda. Mai kemis bai ga matar ba, bai san watannin cikin ba, bai san ko a mahaifa yake ba. Alhali adadin da ake ba mai cikin wata biyu, in aka ba mai cikin wata shida, yana iya yaga mahaifa, musamman wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, don tabon nan shi ne wuri mafi rauni. Gwargwadon girman ciki, gwargwadon yadda ake rage adadin, ba ƙarawa ake yi ba, kuma wannan lissafi na ma'aikacin lafiya ne da ya duba mace da hannunsa. Ga kuma jabu. Ga mai kyau da ya lalace, domin misoprostol ba ya jure zafi da danshi. Da zarar an ɓalle shi daga takardarsa ta gwangwani ya fara mutuwa. Ƙwayar da ta kwana a leda a shagon da rana ke duka, za ta iya tayar da jini ta kasa ƙarasa aikin, wanda shi ne mafi munin hali: ga jini na zuba, ga saura a ciki. In kuma ashe cikin na da rai, aka sha, bai fita ba, akwai yiwuwar a haifi yaron da naƙasa a fuska ko gaɓoɓi. Wadda ke da robar tazarar haihuwa a mahaifa sai an cire mata kafin a ba ta.

Wankin ciki iri biyu ne

Nan ne nake so a fi natsuwa, domin suna ɗaya muke kiran ayyuka biyu da ba su yi daidai da juna ba wajen haɗari.

Na farko shi ne zuƙewa. Mace za ta kwanta, a sa abin buɗe gaba, a goge bakin mahaifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar kashe zafi a gefensa. Sai a zura wani siririn bututun roba mai laushi, wanda ke haɗe da babban sirinji da aka riga aka ja iskar cikinsa. Da an saki makullin, sai ya tsotso abin da ke cikin mahaifa. Mai aikin yana juya bututun a hankali har ya ji mahaifa ta kama shi, ya ga kumfa ja-ja ta fara fitowa, alamar babu saura. Aikin kansa bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya buƙatar a sa mace barci, bayan awa ɗaya ko biyu ta tafi gida. Fiye da 95 cikin 100 shi ke nan sun gama, jini kuma ya fi saurin ɗaukewa.

Na biyu shi ne kankarewa, tsohuwar hanya. A buɗe bakin mahaifa da sandunan ƙarfe, a sa wani ƙarfe mai kaifin baki a kankare bangonta. Ya fi ciwo, ya fi zubar da jini, ya fi huda mahaifa, galibi sai an sa mace barci, shi ma barcin da nasa haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun a ƙa'idojinta na 2012 cewa wannan hanya ta tsufa, a maye gurbinta da zuƙewa ko magani, ta kuma nanata a 2022. Duk da haka har gobe ana yi, musamman a ƙananan asibitocin kuɗi. Babbar illarsa ita ce tabo. In aka kankare har aka wuce shimfiɗar da ke sabuntawa duk wata, bangon mahaifa biyu sukan manne da juna. Wani likita mai suna Asherman ne ya yi cikakken bayanin wannan ciwo a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Mace za ta ga al'adarta ta ragu ƙwarai ko ta ɗauke bayan wanki, ciki ya ƙi shiga, in ya shiga ya zube, ko mabiyiya ta manne ranar haihuwa. Duk ƙarin kankarewa ƙarin haɗarin tabo ne.

Don haka tambaya ɗaya ce za ki yi kafin ki hau gadon: "Da roba za a zuƙe, ko da ƙarfe za a kankare?" In aka ce ƙarfe, cikin bai wuce mako 14 ba, kuma ba jini ne ke neman ranki ba, ki nemi ƙwaya ko ki nemi wani asibitin.

Zuƙewar ma ba a ce babu haɗari ba. Bututu na iya huda mahaifa, amma a hannun wanda ya ƙware abin bai kai biyar cikin dubu ba, kuma ƙaramar huda takan warke da kanta. Hudar da ta taɓa hanji ko mafitsara ce ke kai wa ga tiyata. Bakin mahaifa na iya tsagewa. Wani abu na iya saura. Cuta na iya shiga in kayan ba su tsarkaka ba, shi ya sa wurin da aka yi aikin da hannun da ya yi shi suka fi komai nauyi. A 2019 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mata fiye da 3,400 a Malawi, Tanzaniya, Uganda da Pakistan, ƙasashen da asibitocinsu suka fi kama da namu. An ba rabinsu maganin kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya kafin wanki. Da aka auna da ma'auni mai tsauri, cuta ta kama kashi 1.5 na waɗanda suka sha, da kashi 2.6 na waɗanda ba su sha ba. Maganin ba shi da tsada; ki tambaya ko za a ba ki.

Sai ciwo. Wannan yana ci mini rai. Akwai wuraren da ake zuƙe mace ba allura ba komai, tana kuka ana ce mata ta yi haƙuri, wasu har da gatse. Macen da aka yi wa haka, in ta sake ɓari, gida za ta zauna ko da jini zai ƙare. Allurar kashe zafi a bakin mahaifa tana cikin ƙa'idar aikin, ba alfarma ba ce. Maigida, in kai ne ka kawo ta, kai ka tambaya.

Abu biyu kuma ya kamata a daina. Ba kowane ɓari ke buƙatar wanki ba. In hoto ya nuna mahaifa babu komai, jini na raguwa, babu zazzaɓi, an gama. Sannan wanki ba maganin rashin haihuwa ba ne. Mata nawa ne suka kai kansu aka kankare su wai don mahaifa ta yi tsabta ciki ya shiga? Mahaifa ba ta tara dauɗa. Wanda aka yi don neman haihuwa shi ne yakan toshe ta.

Ga mai tambayar wace hanya ce ta fi barin mace da haihuwarta: an bi sawun matan gwajin Ingila ɗin nan har shekara biyar, kimanin kashi 80 cikin 100 sun sake haihuwa, kuma babu wani bambancin kirki tsakanin rukunan uku.

Idan cikin ya girma, ko ran uwa ne a kan layi

Duk abin da na faɗa a sama na cikin da bai wuce mako 13 zuwa 14 ba ne. Daga nan lissafi ya canza. Mahaifa ta yi girma, bangonta ya yi laushi, jijiyoyin jini sun yawaita, mabiyiya takan maƙale. Babu maganar gida. Ko magani za a bayar, a gadon asibiti za a bayar, inda akwai jini da ɗakin tiyata.

Akwai matan da cikin nasu na da rai amma ci gabansa zai kashe su: mai ciwon zuciya da ya tsananta, mai ciwon ƙoda, mai hawan jinin da ya kai ga jijjiga tun cikin bai isa haihuwa ba, wadda faya ta fashe da wuri cuta ta shiga. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewacin Najeriya, a sashe na 232, ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma a 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yadda likitoci za su yi hakan. A Nijar, dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta ba da dama in rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Malamai ma, duk da tsananin da mazhabar Malikiyya ke da shi a wannan babi, sun san hukuncin lalura in amintattun likitoci suka tabbatar ran uwa zai salwanta. Abin da ke cutar da irin waɗannan mata shi ne jan ƙafa: a jira maigida ya dawo daga tafiya, a jira surukai su yi shawara. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2004 ya nuna haɗarin mutuwa daga wannan aiki yana ƙaruwa da kusan kashi 38 cikin 100 da kowane mako da ciki ya ƙara. Can, inda komai ke akwai, mace-macen ba su kai ɗaya cikin dubu ɗari ba. Aikin da za a yi da sauƙi a mako na tara ya zama babba a mako na sha takwas.

Akwai kuma hanyar da ba ta cikin zaɓi, amma ba zan yi kamar babu ita ba: jiƙe-jiƙe, haɗe-haɗen ƙwayoyi, tura abu a gaba, ko ɗakin bayan kemis. Cibiyar Guttmacher ta Amurka, mai binciken lafiyar haihuwa, ta ƙiyasta cewa a 2012 an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya, kuma mata kusan 212,000 sun je asibiti da matsalar da ta biyo baya. Abin da ake gani shi ne hudajjiyar mahaifa, hanji ya fashe, ƙoda ta tsaya, guba ta shiga jini, ciwon sarƙewar haƙora, wata a cire mata mahaifa tana da shekara sha bakwai. Ko me ya faru, kula da mace mai zubar jini ko zazzaɓi bayan ciki ya fita aiki ne halattacce a kowane asibiti. A kawo ta da wuri, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha ko aka sa, don maganin wadda aka huda daban yake da na wadda ta yi ɓari.

To, wanne?

In da ƙanwata ce ta tambaye ni, ga abin da zan ce mata. In kina cikin gari, jininki ya isa, ɓarin ya riga ya fara, jinin kuma ba mai yawa ba ne, jira na mako ɗaya zuwa biyu ko ƙwaya duk sun yi, ki ɗauki wanda hankalinki ya fi kwanciya da shi. In ɗan tayin ya mutu a rufe, jira zai wahalar da ke. Ki nemi haɗin ƙwayoyin biyu ko zuƙewa. In kina da ƙarancin jini, ko sikila, ko gidanku na da nisa, ko kin san in kin tafi dawowa zai yi wuya, ko zuciyarki ba za ta ɗauki kwanaki kina ganin jini ba, a zuƙe yau a gama kina gaban ma'aikata. Wadda aka riga aka kankare sau ɗaya ko biyu kuwa, in hali ya yi, ƙwaya ta fi mata. A tuna da kuɗi ma: ƙwaya ta fi araha, amma in ba ta ƙarasa ba za a biya na wanki a kai.

Wadda ta zaɓi jira ko ƙwaya, ba a fafe gora ranar tafiya. A san motar da za a kira da tsakar dare, a ajiye kuɗin mai, a san ɗan'uwan da zai ba da jini, kada kuma a bar ta ita kaɗai a gida ranar da ta sha maganin.

Ki san rukunin jininki. In mai alamar ragi ne, wato negetif, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 don kare cikin gaba. Bayan mako 12 babu saɓani a kanta, kafin nan kuma likita zai duba. Ki sha maganin ƙarin jini. A dakata da kwanciyar aure har jini ya ɗauke, kada kuma a sa komai a gaba, ko na matsi ko na tsarki. Bayan mako uku ki sake gwajin ciki na fitsari; in har yanzu yana nuna akwai, ki koma a duba. Ƙwai na iya sauka mako biyu kacal bayan ɓari, tun kafin ki ga al'ada, don haka in jikinki na buƙatar hutu, ki karɓi tsarin tazara kafin ki bar asibitin. In kuma wannan ne ɓari na uku a jere, kada a tsaya ga wanki kawai a sallame ki: ki nemi a tura ki wurin likitan mata, a auna sukari, a duba maƙoshi saboda maƙoƙo, a auna jini, a kuma duba siffar mahaifa da ƙarfin bakinta.